Kibiyoyi Tara na Yaya Tanko

Ku da kuka zauna a sansanin nan na arewa da Ɓaɓura, wa zai manta Yaya Tanko a bakin ƙofar ganuwa kowace hantsi, yana goge kibiyoyinsa tara da bakin rigarsa? Ni ƙanwarsa ce, amma wallahi bai taɓa bari na taɓa kwarinsa ba. Maganarsa kullum ɗaya: "Kibiya ba ta da ƙafar dawowa."

Ranar da mahara suka ɓullo daga arewa, Sarkin Baka na ta ihu, "Harba mana, Tanko!"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sun yi nisa. In ta faɗa sarƙaƙiya, kai za ka shiga?"

Da suka matso ya saki guda, ta kafe a garkuwar wani. Mutumin ya juya da gudu, Yaya ya dira daga ganuwa ya bi shi yana cewa, "Bawan Allah, tafi da ranka, ajiye mini kayana!" Sai la'asar ya dawo da ita yana ƙunƙuni: "Dubi yadda ya lanƙwasa mini tsini. Mutanen nan ba su iya aro ba."

Matarsa kuwa ta taɓa roƙonsa ya harbo zabo saboda baƙi. Ya ce zabo ai dutse ya ishe shi. Hmm! Haka baƙin nan suka ci tuwonsu lami, ba nama.

To, shekarar da rijiyar cikin gari ta ƙafe, na fita ta waje ɗiban ruwa da goyo a bayana. Ban ankara ba sai ga mahaya uku sun raba ni da ƙofa. Na sadaƙar, na soma salati. Sai na ji fiu, fiu, ta saman kaina, babu tsayawa. Dawakai suka watse, Yaya ya finciko hannuna har cikin gari, kwarinsa fayau.

Washegari ban gan shi a daji yana tone-tone ba. Na ce, "Yaya, ba za ka nemo su ba?"

Ya ce, "Ke, rufe mini baki. Abin da na fita nema na shigo da shi."

Yaron da na goya ran nan shi ya sa shi a kabari. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya tare masa kamar yadda ya tare mini.