Hannun Lawali a Cikin Goge Takwas

Laraba: Tudun Gawo zuwa Damagaram Takaya

Ƙarfe biyar da kwata, muna sallame sallar asuba, muka bar Tudun Gawo ni da Baba a kan amalanken maƙwabcinmu Malam Habu. Shekara ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi sauka, lokacin da ake raba mana jar dawar agaji. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma ban nemi izinin kowa ba na rufe ajina. Yara tara suka rage mini, sauran iyayensu sun kwashe su sun yi Kano.

Wasiƙa ce ta tashe mu. Ƙanena Lawali ya shiga soja a Yamai, aka sa shi cikin masu kiɗa da busa, wani Bature ya ga yadda yake riƙe bakan goge ya yi masa hanya zuwa Faransa. Shekara goma sha ɗaya ba mu sa shi a ido ba. Sai ga shi ya rubuto cewa ƙungiyar makaɗan wani ƙaramin gari da yake aiki da su, mutum ashirin da biyu, za su yi wasa a Zinder ranar Jumma'a da yamma. Sau ɗaya tak, Asabar da safe jirgi ya kwashe su.

Baba mai goge ne, kamar ubansa, kuma idonsa ya tafi shekara huɗu kafin nan. Da na karanta masa wasiƙar bai yi maganar gani ba. Cewa ya yi, "Mushe, nemo mana abin hawa. Ina son in ji hannun yaron nan kafin in mutu." Ni ne ɗansa na fari, ba ya kama sunana, sai dai Mushe, wato malam da Faransanci, kamar yadda 'yan lakwal suke kirana. Na ce, "Baba, mutum ashirin da biyu ne fa." Ya ce, "Ko ɗari ne. Duk mai goge da hannunsa. Ni na ɗora masa yatsu a kan tsarkiya yana ɗan shekara shida, zan rasa shi?"

Guzurinmu salkar ruwa da ɗan garin gero, sai wani ƙunshi da Baba ya rungume bai yarda na taɓa ba. Na san abin da ke ciki. Dokinsa ya mutu a bazarar bara, ya sa aka yanke masa jelar ya ajiye, don da izgar doki ake yin tsarkiya da baka. Nasa gogen yana rataye ba tsarkiya tun da biki ya ɗauke a ƙauyen. Wa zai yi biki da jar dawa?

Kilomita goma sha huɗu muka yi cikin awa huɗu. Jakin Malam Habu ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, don haka ni a ƙasa na taka. Hagu da dama rumbuna a buɗe, ga ƙasusuwan shanu gefen hanya. Baba ya yi ta tambaya, "Ina muka kawo?" In na faɗi sunan gona sai ya faɗi wanda ya yi wa wasa a gidan, da shekarar. Ƙarfe tara da kwata muka shiga Damagaram Takaya, aka ce babu mota sai gobe. Wani abokin aikina ya shimfiɗa mana tabarma cikin aji. Tiyar gero a kasuwa dala hamsin, na juya na bar ta. Kunun jar dawa muka sha, Baba ya kurɓa ya ce ko dokinsa da zai ƙi.

Alhamis: kan hanyar Zinder

Ƙarfe bakwai da rabi muka sami kamiyo, babbar motar kaya, da ya kawo hatsin agaji yana komawa fanko. Direban Bakano ne, sunansa Ado, mai bakin tsiya da kirkin zuciya. Dala sittin kowa, amma da ya ga Baba sai ya sauko da mutum daga gaba ya ba shi wurin.

"Baba, asibiti za a kai ka?"

"Kiɗa zan je ji."

"Kiɗa! A wannan marra? Wallahi Damagarawa sai ku."

A shingen jandarma, wajen ƙarfe goma, aka ce kowa ya fito da takardarsa. Baba ba shi da ko ɗaya. Jandarman ya nuna ƙunshin ya ce a kwance. Da ya ga jelar doki sai ya ja da baya, ya ɗauka asiri ne. Ado ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, dokin ne takardarsa ta ɓata, shi ya sa ya aiko jelar." Jandarman ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ɗaga mana sanda.

Sau biyu injin ya tafasa. A na biyun Ado ya zo yana sosa ƙeya, na gane abin da yake so, na ce ba zan ba da ba. Rana tsaka, bazara, da tsoho a hannuna! Baba ya jiyo mu ya ce, "Mushe, ba motar ruwan. Ƙishirwa ba ta kashe mutum a wuni ɗaya, amma Jumma'a ba ta jira." Haka na tsaya ina kallon salkarmu tana ƙarewa a cikin ƙarfe, raina a ɓace. Kilomita saba'in da wani abu, awa bakwai da rabi. Ƙarfe uku muka hango duwatsun Zinder, da runfunan tsummoki na mutanen arewa da fari ya koro suka zube a bakin gari.

A unguwar Birni muka sauka, gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta dama mana fura da ɗan nonon da ban san inda ta samo shi ba. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta tafa hannu. "Yaya, mutane suna cin ganye, su kuma kiɗa suka ga ya dace su aiko mana?" Gaskiya ni ma abin yana cina tun daga gida. Baba ya ce, "Ni ban aika a kawo ba, Hajo. Amma tunda ɗana na ciki, a bar ni in ji." Har magariba yana zaune a zaure, duk takun da ya wuce sai ya ɗaga kai.

Jumma'a: Zinder

Da aka sauko daga masallaci na je masaukin baƙin. Aka ce jirginsu ya makara, daga filin jirgi zauren wasa za su wuce. Sai wata 'yar takarda da Lawali ya sa aka ajiye mini, ta shiga ta mutum biyu. Ƙarfe huɗu da rabi na ja hannun Baba muka shiga, aka zaunar da mu a layi na uku tsakanin Turawa da manyan ma'aikata. Takardar da aka raba ta ce kiɗan na wani Bature ne da ya rasu tun zamanin kakannin kakanninmu, ya tsara shi yana saurayi, gemu bai fito masa ba, kuma kashi huɗu ne.

Biyar saura minti biyar makaɗan suka fito cikin baƙaƙen kaya. Na gan shi. Ya yi jiki, sanƙo ya fara cin gaban kansa, ya zama Baba sak lokacin da muke yara. Masu ƙaramin goge su takwas ne, shi yana baya ta hagu. Na buɗe baki, Baba ya matse mini gwiwa. "Kar ka faɗa mini inda yake."

Wani mai algaitar Turawa ya busa sauti ɗaya dogo. Sai kowa ya kama nasa, wannan ya ja, wancan ya murɗa, hayaniya kamar kasuwar tumaki. Ni ban ji komai a ciki ba. Amma Baba ya miƙe zaune, ya damƙe hannuna har ya yi mini zafi. "Ga shi can! Hagu, baya!" Na kasa kunne, sai na ji. Ja biyu gajeru, sannan ɗaya dogo mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Haka Baba yake gwada tsarkiya, haka ubansa yake yi, na tashi da shi a kunnena kowace safiya.

Kafin in ankara Baba ya ɗaga murya yadda ake yi a wajen wasa, yana kiransa da sunan Innarmu. "Lawali na Amina! Ɗan gidan goge, a gaishe ka!" Yana tafi shi kaɗai. Duk zauren ya juyo, wata Baturiya ta sa yatsa a baki. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunya ta kama ni, na ja masa riga. Har yau abin yana damuna. Lawali ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Sai wani dogo ya fito da 'yar sanda, aka yi tsit, aka fara. Ba zan yi ƙarya ba, kiɗan ya yi daɗi. Kashin farko da sauri yake, da fara'a, irin ta yaron da bai taɓa kwana da yunwa ba. Na biyun a hankali, sai ya tuna mini Innarmu da gonarmu lokacin da gero yake rufe mutum, na ji hawaye. Bakuna takwas suna hawa tare suna sauka tare, ka rantse mutum ɗaya ne.

Baba kuwa kansa yake juyawa, hagu, dama, hagu. Can ya raɗa mini, "Fita ya yi?"

"Yana nan, Baba."

"To me ya sa ya yi shiru?"

"Gogawa yake, ina ganinsa."

Har aka gama kashi huɗun kunnen Baba yana wajen hagu, hannunsa a kan ƙunshin. Da jama'a suka miƙe suna tafi, shi bai tafa ba.

A bayan zauren muka same shi, rana ta yi ja. Lawali ya zube ƙasa da kayan Turawansa ya kama ƙafar Baba. Baba ya shafa fuskarsa, ya shafa sanƙon ya ce, "Wannan gadona ne," sannan ya kama yatsunsa yana taɓa su ɗaya-ɗaya. Ni kuwa Lawali ya ce mini, "Yaya, ka tsufa," na ce shi ma madubi bai yi masa adalci ba. Hausarsa ta yi nauyi, yana tsayawa neman kalma.

Baba ya ce, "Kiɗan farkon nan ya fi duka. Gajere ne, amma ya fi."

"Baba, ai ba a fara ba lokacin. Gyaran tsarkiya muke yi."

"To da aka fara ina ka tafi? Na neme ka ban same ka ba."

"Haka ake so a can, Baba. Mu takwas mu zama ɗaya. In aka ji ni daban, na ɓata. Shekara biyar na yi ina koyon ɓoye hannuna."

Baba ya shafa ƙunshin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Sun ce ka iya?"

"Sun ce na iya."

"To madalla." Ya kwance ƙunshin ya miƙa masa. Lawali ya gane jelar, don shi ya yi kiwon dokin yana ɗan mahaukacin duƙushi. Ya kifa fuskarsa a ciki ya daɗe. Daga nan ya raba ta biyu, ya mayar wa Baba rabi ya ce ya ɗaura wa nasa gogen. Baba ya ce, "Sake gyara mini tsarkiyar nan, sau ɗaya." Lawali ya ɗauko gogensa ya ja. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Mota tana ta yi masa oda, manya suna jiransu wajen liyafa. Ya ce zai zo gida damina mai zuwa. Baba ya ce Allah ya kawo daminar.

Asabar zuwa Litinin: komawa

Ƙarfe takwas da minti goma na safe muna tasha muka ji jirgin ya wuce ta kanmu. Baba ya bi shi da fuska har ƙarar ta ɓace. Ado muka sake samu, wannan karon a kan buhunan dawa na zauna. Ya tambayi Baba ko kiɗan ya biya wahala, Baba ya ce minti ɗaya ya ji, kuma ya biya. Mun kwana biyu a Damagaram Takaya muna jiran Malam Habu, ranar Litinin ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Tudun Gawo. Na tarar yarana sun koma bakwai.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Malam Habu da jakinsa, Ado Bakano, Gwaggo Hajo da furarta, wanda ke raye Allah ya saka masa, wanda ya riga mu Allah ya ji ƙansa.

A makon nan Baba ya ɗaura wa gogensa tsarkiya. Kowace safiya in zan tafi lakwal sai in ji shi daga ɗaki, ja biyu gajeru, ɗaya dogo, sai ya mayar ya rataye. Wata rana na gaji na ce, "Haba Baba, kullum gyara, ba za ka yi mana kiɗan ba?" Ya ce, "Iyakar inda yaron yake ke nan, Mushe. In na wuce nan sai in rasa shi."

Damina ta zo a shekarar da ta biyo, gero ya yi. Lawali ya iso da kaka, ya tarar da gogen a rataye, Baba yana da wata biyar a ƙasa.