Zulaihatun da Aka Rubuta wa Kiwon Kifi

Duk mai neman ɗanyen kifi a unguwar Limawa ya san gidan Zulaihatu Mai Tarwaɗa. Siririya ce, maganarta ƙasa-ƙasa, amma in ta zura hannu a ruwa ta cafko tarwaɗa ta ƙeya, kifin ko motsi ba ya ƙara yi. Baƙi kan ɗauka gadon gidansu ne. Ba haka ba ne. Sai da ta kai shekara goma sha bakwai kafin ta taɓa kifi da hannunta.

A wata ruga kusa da Jahun aka haife ta. Mahaifinta, Alhaji Mailafiya, makiyayi ne da ya daina yawo ya kama noma, amma bai rabu da shanu ba. Tun tana shekara bakwai ta iya tatsa, kuma daga tafiyar saniya take gane wadda ba ta da lafiya. Gidansu ba a cin kifi. Babu wanda ya haramta, Innarta ce dai ta ce duk ƙwaryar da ta ji ƙarni ta gama aikin nono har abada.

Da ta gama ƙaramar sakandare aka kai ta wata makarantar kwana ta 'yan mata a Dutse. A aji shida aka tara su don rajistar jarrabawar fita. Shugabar makaranta ta yi musu bayani: darasi tara kowa za ta rubuta, Turanci da lissafi dole ne, haka ma darasin sana'a guda ɗaya. Wadda kuma take son wucewa gaba sai ta kawo kiredit biyar, har da Turancin da lissafin. Zulaihatu ba ta yi dogon tunani ba, ta cike kiwon dabbobi a fom ɗinta. Ta ce wa ƙawayenta wannan ko a barci aka tashe ta za ta ci.

Mai shigar da sunaye a kwamfuta shi ne Malam Falalu, jami'in jarrabawa. Mutumin kirki ne, sai dai da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, gilashinsa kuma da zare aka ɗaure ƙafarsa guda. Ɗalibai sun haura ɗari biyu, ga na'urar tana ɗaukewa tana dawowa. A ƙarshen jerin akwai Zulaihatu Mailafiya, a ƙasanta kuma Zulfa Umar, 'yar masunta daga Haɗeja, wadda ta zaɓi kiwon kifi.

Ranar da takardun shaidar rajista suka iso, Zulaihatu ta karanta tata sau uku. Hotonta ne, sunanta ne, amma darasi na tara kiwon kifi. Tana ɗaga kai ta hangi Zulfa riƙe da tata takardar, baki buɗe.

"Ke me aka ba ki?"

"Shanu," in ji Zulfa, kamar za ta yi kuka. "Ni ko akuya ce ta kalle ni sai na canza hanya."

Suka tafi ofishin Malam Falalu tare. Ya cire gilashi, ya goge, ya mayar, ya duba. Ya ce innalillahi, layi ne ya tsallake masa. Ya yi waya, ya yi rubutu, ya yi zirga-zirgar kwana uku, amma an riga an rufe shafin gyara.

Ranar ziyara Alhaji Mailafiya ya zo da kansa, da malfarsa da sandarsa, ya zauna a ofishin.

"Malam, an ce an rufe. Wa ya rufe?"

"Can sama ne, Alhaji. Hukumar jarrabawa."

"To a ba ni sunan mai mukullin, in je in gaishe shi."

Da ƙyar Malam Falalu ya fahimtar da shi cewa babu ƙofa, babu kwaɗo, babu mai gadi. Alhaji ya tambaya cikin natsuwa, don shi da gaske yake son sani: shi kifin nan da ake kiwo, ina ake kora shi? Ana tatsarsa? In ya ɓata, da wace shaida mutum zai gane nasa? Malam Falalu ya ce ba a tatsa. Alhaji ya ce to wannan ba kiwo ba ne, ajiya ce. Ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Tunda an rubuta, ki yi. Amma kar Innarki ta ji daga bakina."

Saura wata uku jarrabawa. Malamin aikin gona ya ce littafi kaɗai ba zai fisshe su ba, domin akwai gwajin da ake jera kaya a tebur a ce ɗaliba ta faɗi sunansu da amfaninsu. Sai 'yan matan suka yanke shawarar musayar gida a hutun da ke tafe, iyaye kuma suka amince.

A Haɗeja, kakar Zulfa, Ya Fanna, ita ta karɓi Zulaihatu. Tsohuwa ce mai bandar kifi, Babarbariya, ga ta da tsokana. Tana jin an ce baƙuwar Bafulatana ce ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mini baiwata har gida. Zo nan, riƙe wannan."

Ta ɗora mata tarwaɗa mai rai a hannu. Kifin ya yi zillo ɗaya, Zulaihatu ta yi ihu ta watsar, ta haye turmi. Kwana biyu tana yawo da gefen hijabi a hanci. A na uku Ya Fanna ta ce in ba ta saki hancin nan ba, a gadon banda za ta kwana. Ta saki. Kafin mako biyu ta san karfasa, ta san ragon ruwa, ta san bambancin kayan kamun kifi irin su taru da birgi da mali. Ta kuma lura da abin da ko jikokin gidan ba su kula da shi ba: kifin da ba shi da lafiya yakan ware daga 'yan'uwansa ya daina cin abinci, daidai yadda saniya take yi. Ya Fanna ta dube ta ta ce, "Ashe Fulani ma suna da kai."

Ita kuwa Zulfa, a ruga wani maraƙi ɗan wata biyu ya bi ta don ya lashi gishirin hannunta, ta zagaye rumbu sau huɗu tana kiran sunan Allah. Amma ta koyi tatsa, kuma Inna ta so ta, duk da cewa ƙwarya daban ta ware mata.

Da sakamako ya fito, kiwon kifi ne darasin da Zulaihatu ta fi ci, maki mafi girma. Zulfa ta sami kiredit a dabbobi. Lissafi ne ya kayar da Zulaihatu, sai da ta sake rubuta jarrabawar a shekarar da ta biyo baya kafin kiredit ɗinta su cika yadda ake so. Da ta je kwalejin aikin gona aka tambaye ta ɓangaren da take so, ta buɗe baki za ta ce dabbobi, sai ta tuna layin 'ya'yan makiyayan da ta gani a can, kowa ya san abin da ta sani. Ta ce a rubuta kifi. Wannan karon ta tsaya a kan mai rubutun har ya gama.

Bayan ta auri Saifuddeen, ma'aikaci a sakatariya, suka tare a Limawa. Ta gina kwarmin kiwon kifi ɗaya na bulo a bayan gida, daga baya ta ƙara na biyu. Matan ma'aikata da masu farfesu suka gano ta. Har yau in za ta watsa abinci sai ta yi wa kifin irin kiran da ake yi wa shanu, kuma ta rantse suna amsawa. Har yau kuma ba ta cin kifi. In ta dafa wa Saifuddeen, ɗiyarsu Nuriyya ce mai ɗanɗana gishiri.

A daminar bara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi, kwarmi ɗaya ya cika ya tumbatsa. Tarwaɗa kuwa tana iya jan ciki a ƙasa in da laima. Kafin a ankara sun bi ta rariya sun fita lungu. Zulaihatu ta fito da bokiti da sanda, zani ɗaure a ƙugu, tana tare su ta nan tana kora su ta can. Wani mai adaidaita ya taka burki ya tsaya yana salati, ya ce shi tunda yake bai taɓa ba kifi hannu ya tsallaka titi ba. Maƙwabta suka fito taimako da kwanuka da robobi, kowa yana cewa sannu, Allah ya kiyaye gaba.

Maƙwabciyarta Lauratu ta kawo guda biyu a baho, ta ce iyakar waɗanda suka shiga gidanta ke nan. Zulaihatu ta yi godiya. Bayan la'asar ƙamshin farfesu ya tashi daga gida shida a layin, har da na Lauratu. Saifuddeen ya ce bari ya je ya yi magana, ta ce ya zauna, ai kifin ne suka kai kansu.

Da gari ya waye ta kira magini ya ƙara wa kwarmin bulo biyu, ya sa raga a bakin rariya. A satin nan mata uku daga layin suka zo saye, suka ce yaransu sun ɗanɗana sun ƙi haƙura.