Firigon Gwaggo da Zafi Dubu Huɗu

Gwaggona tana sayar da ƙanƙara da ruwan zoɓo a Zango, cikin Damagaram, a wani ɗan butik da ke jingine da zauren gidanmu. Saboda yawan ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta sa aka haɗa mata firigo da hasken rana. Ni da abokina muka ƙera mata ƴar na'urar da ke kula da shi: tana auna sanyin ciki, ta kunna injin idan ya yi ɗumi, ta kashe shi idan sanyi ya kai, don kada batir ya ƙare.

Da abokin nan muka koyi rubuta porogaram. A duk unguwarmu mu biyu ne kawai ke wannan harka. Mukan zauna a zaure da odinater ɗaya, wato kwamfuta, yana bugawa ina karantawa, mu yi ta gardama a kan layi guda har shayi ya huce. Bayan mun gama aikin Gwaggo ya samu aiki a ƙasar waje, na raka shi tasha, na dawo ni kaɗai a kabu-kabu.

Firigon tsoho ne, sanyinsa bai taɓa yin ƙarfi sosai ba. Ƙanƙarar ma daga wani gida ake kawo ta, shi adanawa kawai yake yi. Da azumi ya matso, kuma a tsakiyar bazara, Gwaggo ta sa mai gyara ya canza masa inji. Washegari da hantsi ta leƙo ɗakina.

"Ɗan nan, zo ka ga abinku ya haukace. Tun ɗazu yake kuka, sai da na danne shi da matashi."

Na ɗaga matashin. Ƙaramin allon na'urar yana nuna 4095. Zafin da zai narkar da ƙarfe ke nan, alhali na buɗe firigon hannuna na neman mannewa da jikinsa. Na'urar kuwa ta yarda da abin da take gani, ta hana injin hutawa, kafin dare ya yi nisa batir ya mutu.

Na ɗauka ma'aunin sanyin ne ya lalace. Na canza shi, bai canza komai ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na aika wa abokina saƙo da hoton allon, na ga alamar ya shiga, amma shiru. Ba wanda zan tambaya. Mai gyaran ya ce shi iyakarsa inji da gas. A majalisar ƙofar gida na fara bayani, wani ya ce, "Kai dai cire abin nan ka huta," aka koma hirar ƙwallo.

Wata rana bayan azahar na ɗebo ƙanƙara a kwano, na barbaɗa gishiri don ta ƙara sanyi, na tsoma ma'aunin, na zauna a zaure ina kallon allon. Uku. Biyu. Ɗaya. Sifiri. Sai 4095. Can kuma 4094. Ashe lambar ba hauka take yi ba, sauka take ci gaba da yi, sai dai daga wani wuri mai nisa. Matsalar tana faruwa ne daidai lokacin da sanyi ya gangara ƙasa da sifiri, inda tsohon injin bai taɓa kaiwa ba.

Na buɗe porogaram ɗin. Ma'aunin yana turo lamba a jerin gurabe goma sha shida, kowane gurbi ko sifiri ko ɗaya. Gurabe huɗu na dama ɓurɓushin digiri ne, don haka muke tura jerin gaba ɗaya zuwa dama sau huɗu, su faɗi, cikakken digiri ya rage. To idan aka tura, gurabe huɗu na hagu sukan zama wofi, kuma dole a cike su da wani abu. Idan an gaya wa na'ura cewa lambar mai alama ce, wato tana iya zama ƙasa da sifiri, to gurbin ƙarshe na hagu shi ne alamar, kuma ƴar na'urarmu takan kwafe shi ta cike guraben. Idan kuwa an ce lambar marar alama ce, sifiri ake zubawa, alamar ta zama wani ɓangare na babbar lamba. Nau'in lambar da ake turawa shi ne ke yanke hukunci. Mu kuma marar alama muka rubuta. Ɗaya ƙasa da sifiri ya koma dubu huɗu da casa'in da biyar.

A gefen layin akwai ɗan bayanin da abokina ya bari da Faransanci, cewa a Damagaram ba a san sanyin da ya wuce sifiri ba. Na tuna ranar da ya buga shi, muna zufa muna dariya. Na yi dariya a zauren, na juya gefen da yake zama, tabarma ce kawai.

Gyaran bai fi kalma biyu ba. Na mayar da lambar mai alama, kuma da na karanta cewa ba kowace na'ura ce ke tura irin wannan lamba ta hanya ɗaya ba, sai na bar turin, na raba da goma sha shida, wanda daidai yake da turi sau huɗu. Na sake tsoma ma'aunin. Sifiri. Sai ƴar sandar nan ta kwance, alamar ƙasa da sifiri, ta bayyana a gaban ɗaya. Na daɗe ina kallon ƴar sandar nan.

Na shiga butik na ce, "Gwaggo, na gano! Alamar ce take ɓacewa idan an tura lambar."

Tana ƙulla zoɓo a leda, ba ta ɗago ba. "Ya daina kukan?"

"Ya daina."

"To Allah ya yi maka albarka. Miƙo mini ledar can."

Na miƙa mata. Na koma zaure na yi wa abokina dogon saƙon murya, na faɗa masa komai, har gishirin, har bayanin da ya bari. Sai bayan ƙaramar salla ya amsa. Hoton babban yatsa ya turo, da layi ɗaya: aiki ya yi masa yawa, zai kira ni. Ban ji haushinsa ba, na san halin da baƙo ke ciki a ƙasar mutane.

A azumin nan Gwaggo ta fara yin ƙanƙararta da kanta. Da la'asar layin masu saye yakan kai har bakin titi, ni nake miƙa musu ta taga. Bayan wasu watanni wani mai sayar da kifi ya ji labari ya zo in haɗa masa irin na'urar, na haɗa masa ni kaɗai, kuma tana aiki har yau.