Akun da ya girma a tasha

"Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!"

Da wannan ihun nake farkawa kullum, tun da ɗana ya sayo mini aku. Wai na bar kasuwa, tsuntsu zai ɗebe mini kewa. Ashe a tashar mota ta Upper Iweka, nan Anacha, ya girma, a hannun 'yan kamasho. Ko sallama bai iya ba.

Na ce wa matata, "Hajiya, gobe za a mayar da shi."

Ta ce, "A'a, Alhaji, bar shi. Shekara nawa ina cewa mu koma gida Kano kana kunnen uwar shegu da ni? Yanzu na samu mataimaki."

Kun ji fa, da furfurata a Anacha, tsuntsu yana neman yin lodina. Jama'a, shi zan sallama, ko kayana zan haɗa?