Kwana Tara Muna Neman Tirelar Goɗiya

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a Riyad, na taɓa shafe kwana tara ina yawon neman tsohuwar tirelar doki, ni da ko jaki ban taɓa hawa na yi nisa ba. Ɗazu na ga ana jan wata a hanya, abin ya faɗo mini, na ce bari in ba ku labari.

Maigidan da nake wa tuƙi, wato kafil ɗina, suna da gona a arewacin gari, can bayan filin jirgi. Mahaifinsu mai son dawaki ne. Da ya rasu, gine-gine kuma suka fara cin wajen, sai 'ya'yan suka sa gonar a kasuwa. Dawakin duk aka rabar, saura goɗiya ɗaya fara, wadda za a kai wa kawunsu a wajen Ha'il, tafiyar wuni guda. Mai kula da ita wani dattijo ne Badamagare da ya haura shekara ashirin a bargar. A hannunsa aka haife ta, uwar ba ta rayu ba, shi ya raine ta da madara a kwalba. An riga an gama masa takardun komawa gida gaba ɗaya. Abin da ya rage tsakaninsa da goɗiyar tirela ce kawai: ranar da aka samu, washegari za ta tafi.

Ku kun gane lissafin tun yanzu. Ni sai da na ƙone tankin mai uku kafin in gane.

Maigida ya ce in ɗauki dattijon mu nemo ta hannu mai kyau, tun da can za a bar wa kawun. Ya ce dattijon ya san doki, ni kuma Bakano ne, ba za a cuce ni a ciniki ba. Dattijon ya ji daɗin wannan magana har ya manta sunana. Daga ranar na zama Bakano, ni kuma ina kiransa Baba.

Mun fara da haraj, kasuwar kayan hannu ta kudancin gari. Ina zuwa na hau abin da na sani: na daki taya da ƙafa, na leƙa ƙasa, na gwada fitilu. Baba ko kallon tayoyin bai yi ba. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar baya, ya shiga ba takalmi, ya bi katakon ƙasan da tafin ƙafa yana jin inda ya yi laushi. Ya shafa bangon da bayan hannu yana neman kan ƙusa. Ya rufe ido ya shaƙi iskar ciki. Sannan ya fito ya ce wa dillalin a ja ta, shi kuma yana ciki.

Dillalin ya kalle ni, na kalle shi. Aka rufe Baba a ciki, na ja shi a hankali a wata hanyar ƙasa da ke bayan kasuwar. Da muka buɗe, yana tsaye a tsakiya, hannuwansa a baya.

Na ce, “Baba, ai sai ka riƙe ƙarfen nan kada ka faɗi.”

Ya ce, “Bakano, ita da wane hannu za ta riƙe?”

Wannan tirelar ta faɗi jarrabawa, wai tana kuka a kwana kamar ƙofar tsohon shago.

Kwana na biyu aka kwatanta mana gidan wani tsohon Balarabe da ciwon gwiwa ya raba da hawa. Tirelarsa koriya ce, rana ta cinye fentin, tana ajiye ƙarƙashin bishiyar dabino. Ciki akwai shimfiɗar roba mai kauri, rufin da tsayi, da tagogi ƙanana a sama, ga wata 'yar ƙofa ta mutum a gaba. Baba ya daɗe a cikinta fiye da kowace. Na ja shi na dawo, na buɗe, bai motsa ba. Sai da na yi gyaran murya sannan ya fito yana neman takalmansa.

Ya ce, “Ba ta yi ba.”

“Me ya same ta?”

Ya ce, “Ta cika shiru.”

Jama'a, na yarda. Har na gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Na ɗauka wani ilmin dawaki ne da ba a koya wa direbobi.

Daga nan kwanaki suka fara shiga cikin juna. Lokacin sanyi ne, sararin sama fes, rana ba zafi. Mu fita da hantsi, mu bi dogayen tituna har gine-gine su ƙare, mu shiga gonakin bayan gari muna tambaya. Wata ya ce rufinta gajere ne. Wata ya ce an taɓa ɗaukar doki marar lafiya a ciki, yana jin warin. Akwai wata sabuwa fil ta wani yaron masu kuɗi, wadda na tabbata ba ta da aibi, Baba ya zagaya ta sau biyu ya ce farin fentinta zai kashe wa goɗiya ido. A hanya ba ya yawan magana. Yakan jingina kai da gilashi yana kallon rairayi, can sai ya ce yanzu a Damagaram an gama ɗaurin gero, ko ya ce jikarsa da bai taɓa gani ba an ce ta fara tafiya. Da la'asar in sauke shi a gona, tun kafin in kashe mota goɗiyar ta fara haniniya. In na juyo zan tafi, sai in hango su a bakin shinge, yana taje mata geza yana ba ta labarin tirelolin da ya ƙi.

Rana ta shida na gaji, na ce masa in dai tsayuwa ce a ciki, ni ma ina da ƙafa. Ya ce madalla. Mai tirelar da muka je gani ranar ya karɓi tuƙin, Baba ya sa na tuɓe takalmi, ya haɗa mini hannuwa a baya, ya rufe ƙofa.

Kwanar farko na bugi bango da kafaɗa, na kira sunan mahaifiyata. Amma da hanya ta miƙe, sai wani abu ya sauko mini. Duhu ne mai sauƙi, haske yana shigowa ta tagogin sama siri-siri yana yawo a bango. Akwai ƙamshin busasshiyar ciyawa da na dawakin da suka shige shekaru. Ban san inda ake kai ni ba, ban san yaushe za a tsaya ba, ƙafafuna ne kawai suke sauraron ƙasa. Na tuna ranar da na baro Kano, yadda na zauna a jirgi ina kallon bayan kujera, an ce mini akwai alheri a gaba na kuma yarda. Na tuna tsakar gidanmu da rana, igiyar shanya, da muryar mahaifiyata tana kiran kaji. Ban sani ba ko barci na yi a tsaye. Da aka buɗe ƙofa sai da na kare ido, kuma wallahi ban so fitowa ba.

Baba ya dube ni ya ce, “Yaya?”

Na ce, “Direban nan yana taka birki kamar yana jin haushina.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “To haka kake yi mini kwana shida.”

Ita ma ya ƙi ta.

Rana ta takwas muna shan shayi a wani gidan mai sai maigida ya kira. Haƙurinsa ya ƙare, masu sayen gona suna son mabuɗi. Ya ce, “Khalas, ku bar neman. Ranar Alhamis kawu zai turo motar raƙumansa ta ɗauke ta.” Na san motar. Buɗaɗɗiya ce, ba rufi, kuma da ƙugiya ake ɗaga raƙumi a majanyi a dire shi a ciki.

Na faɗa wa Baba. Ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, “Kamiyon raƙuma? A rataye ta a sama tana shure-shure, a bi da ita cikin iska wuni guda?”

Na ce haka maigida ya ce.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “Gobe da sassafe ka kai ni wurin koriyar nan.”

“Wadda ta cika shiru?”

“Bakano, tirela tana cika shiru ne? Tun da na sa ƙafa a cikinta na san ita ce. Na ce in ƙara kwana biyu da ɗiyata, biyun suka zama bakwai. Allah Ya yafe mini man da na sa ka ƙone.”

Kunya ta kama ni, ba don man ba. Mako guda ina zaune kusa da mutum yana ban kwana, ni kuma ina ta duba taya.

Washegari a hanya ina ta tsoron kada a riga mu, don abu mai kyau ba ya kwana bakwai yana jiran mutum. Muka tarar da ita ƙarƙashin dabinonta, amma tsohon Balaraben ya ce wani ya ga hotonta, zai zo bayan azahar. Na buɗe baki zan fara aikin da aka ɗauko ni dominsa, Baba ya taɓa mini hannu. Da Larabcinsa na barga ya faɗa wa tsohon gaskiya duka, har da ƙaryar da ya yi wa tirelar. Tsohon ya saurara yana dogare da sanda. Da ya gama, sai ya juya ya shiga gida, ya fito da takardu da wata sabuwar ragama, ya ce ragamar kyauta ce ga goɗiya. Cinikin da aka ce Bakano zai yi, ko minti biyar bai kai ba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka sauke ƙofar baya a bakin barga. Goɗiyar ta tsaya tana hura hanci, ta ƙi taka katakon. Baba bai ja ta ba. Ya saki ragamar ta yi sako-sako, ya shiga gaba yana mata magana ƙasa-ƙasa, kamar mai kiran yaro cin abinci. Ta sa kofato ɗaya, ta tsaya, ta sa na biyu, ta bi shi har ciki. Na ɗaga ƙofar na sa sakata. Na jira shi ya fito ta 'yar ƙofar gaba, shiru. Da na leƙa, ya tuɓe tsohuwar rigarsa ta aiki yana ɗaure ta a ƙarfen da ke gaban hancinta. Ya fito da singileti cikin sanyin nan, ya rufe ƙofar da kansa.

Ya ce, “Ka tuna kai ne a ciki. In ka isa, ka sa hannu a wuyanta ka ji, sannan ka kira ni.”

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowace kwana na shige ta kamar ina ɗauke da ƙwaryar nono a ka. Manyan motoci suna wuce ni suna danna ham, ban kula su ba. Hanya ta miƙe, rairayi ja a dama da hagu, rediyo a kashe, ni da ita kawai. Duk inda na tsaya ba ta ruwa sai in tarar ta kwantar da hanci a jikin rigar, idonta rabi a rufe.

Mun isa da la'asar sakaliya. Na sa hannu a wuyanta kamar yadda ya ce, na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

Ya ce, “Ta yi gumi?”

Na ce, “Ko ɗigo, Baba. A bushe take.”

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe mun zaɓa daidai.” Sai kuma ya ce, “Ta sauka lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau. Da kanta ta fito.”

Ya ce to madalla, ya kashe wayar. Bayan kwana huɗu na kai shi filin jirgi, lambarsa ta Saudiyya ta mutu, ban sake jin muryarsa ba.

Tun daga lokacin, in na ga mutum yana ta neman aibi a abin da ba shi da aibi, ba na saurin cewa rigima ce. Nakan tambayi kaina me zai rasa ranar da ya ce ya yi. Kuma har yau ina taka birki a hankali, ko da ni kaɗai ne a mota.

Amma akwai abin da yake dawo mini in na zauna shiru. Lokacin da na ce masa da kanta ta fito, tana nan a ciki. Mutum uku sun yi ta lallashi kusan awa guda, ta kafe, hancinta a jikin rigar. Sai da na shiga ta 'yar ƙofar na kwance rigar, na rataya a kafaɗa na zagayo ta baya, sannan ta ja da baya a hankali ta biyo ni har sabon turkenta. Na ɓoye masa don kada ya hau jirgi da wannan a zuciya. Wata rana in ga na kyauta. Wata rana kuma in ga shekara ashirin ya yi yana aiki a ƙasar mutane, labarin yadda ta ƙi rabuwa da rigarsa ne kaɗai abin da ya kamata ya tafi da shi gida, ni kuma na riƙe masa.