Dogon Manifol ɗin Yaya Haladu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Haladu makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan babban kanal. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na so in rubuta muku wani abu mai sanyi a kansa, irin wanda ƙani ke rubutawa a kan wansa, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai fushi ya riga ni. Don haka ku yi haƙuri da ni, yau ba da sanyin rai na zo ba.

Ga wanda bai san shi ba, Haladu bakanike ne. Rumfarsa tana bakin titi a Kura, gidanmu kuma yana wani ƙauye can ciki, a tsakanin Kura da Bunkure, inda ba ka isa sai ka bi ta kan bangon kanal, ka haura wani kwalbati mai tudu. Ni malamin firamare ne, ina ɗan taɓa noman rani kamar kowa. Abin da na sani na inji, a bakinsa na tsinta, yawanci ma cikin faɗa, don Yaya ba ya koyarwa da lallashi.

Tun da ruwa ya zo mana, tumatir da alkama da shinkafa suka samu, amma hanya ta lalace. Rani da damina duk ɗaya ne a wajenmu, kullum akwai inda kanal ya yi ambaliya ya jiƙa turɓaya. Mai lafiya ya naɗe wando ya wuce. Mace mai naƙuda fa, ko wanda maciji ya sara a cikin shinkafa? Wannan ne ya sa ƙungiyar manoman ƙauyenmu, a farkon shekarun tamanin ɗin nan da muke shirin sallama da su, ta sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya, aka ce ta marasa lafiya ce. Jikinta garau, injinta kuwa ya gama yawo. Aka miƙa wa Haladu.

Shi kuma dama yana da wani inji da ya ɓoye a ƙuryar rumfa, ya lulluɓe da buhu kamar ajiyar amarya. Daga motar wani Baturen aikin kanal ya fito, wadda ta yi karo aka watsar. Silinda shida, ba kafireta, injekta ce ke fesa masa mai daidai gwargwadon iskar da ya shaƙa. A lokacin kanikawa da yawa ko kallon irinsa ba sa son yi. Haladu kuwa mayen gudu ne, ban ɓoye muku ba. Burinsa ya ɗora injin nan a wata ƙaramar mota tasa, ya hau titin Zariya, ya ga iyakarsa. Ya kwashe rani guda yana goge wani gajeren manifol da ya samo domin haka, yana bin cikinsa da yashin takarda har sai da ya yi santsi kamar cikin tangaran.

Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa da iska ke bi ta shiga inji, kowace silinda da reshenta. Haladu makogwaro yake ce masa. Akwai mai gajerun rassa, akwai mai dogaye. Gajere na gudu ne: sai ka taka inji ya yi kuka sosai kafin ya nuna maka ƙarfinsa, amma in ya nuna, to riƙe hularka. Dogo kuwa tun inji yana tafiya a hankali yake ba shi ƙarfi, sai dai in an hau kwalta ba ya kai wancan gudu. Da na ce ban gane ba, sai ya harare ni.

"Kai da kake ban ruwa kullum? Dogon tiyon da kake zuƙo ruwa da shi daga kanal, in ruwa ya kama hanya a ciki, kai kake tura shi ko shi ke jan kansa? To haka iska take. Malamin makaranta, kai kamar dutse!"

Da ya ba da injin ga motar ƙungiya, kowa ya ɗauka gajeren zai ɗaura, har da ni, kuma shi ma shi ya fara ɗaurawa. Hujjarsa ba ta banza ba ce: mara lafiya minti ɗaya ma wani abu ne, in an hau titi a tashi sama a isa Kano. Samarin ƙauye suka yi ta murna. Ranar gwaji ya loda buhunan shinkafa a baya a madadin mutane, ya ciko ƙwarya da ruwa ya ɗora min a cinya, ya ce in riƙe da tafin hannu kawai. Ya ce wannan ita ce mai naƙuda. Muka taho ta kan bangon kanal. A hankali motar sai shiƙewa take kamar za ta mutu, in ya ƙara mata wuta sai ta zabura. A kwalbati ta tsaya cak, ya taka, tayoyi suka yi ta juyawa a taɓo, sannan ta yi tsalle ta haye. Ruwan nan kaf a jikina ya ƙare. Da muka hau kwalta, kai, ta yi gudun da ban taɓa gani ba, har ina salati. Ya tsaya a gefen titi, ya dubi rigata sharkaf, ya juya kan motar muka koma.

Washegari na same shi ya kwance gajeren, yana ɗaura dogon da injin ya zo da shi, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure kilinar iska mai tace ƙura tam, yana bin kowace gaɓa da kumfar sabulu ko akwai inda iska ke sata. Ya ce injekta ba ta san wasa ba, iskar da ta auna ita take ba wa mai, in wata ta shigo ta ɓarauniyar hanya lissafi ya rushe. Muka sake gwaji. Ta hau kwalbatin nan tana gurnani a hankali, ruwan ƙwarya yana ɗan rawa amma bai zuba ba. Samari suka ce Haladu ya mai da doki jaki. Ya ce, "Jakin ne ke kai kaya gida." Gajeren manifol ɗin kuwa, aikin rani guda, ya rataye shi a ƙusa, kuma na sha ganinsa yana satar kallonsa. Na san abin ya ci masa rai. Bai taɓa hawa titin Zariya da injin nan yadda ya so ba.

Shekara biyu motar tana aiki a hannunsa. Ko yana tsakiyar gyaran motar wani, aka aiko, zai goge hannu ya taho. Sannan ciwon ciki ya kama shi, ya kumbura, ya rame. A cikin motar nan na kai shi asibiti, ni na tuƙa, kuma ko a wannan hali sai da ya ce min in daina wasa da kuloci. Bai dawo da ƙafarsa ba.

To, yanzu ku ji abin da muka yi da amanarsa. Na ce "muka" don kunya ta ƙauye ɗaya ce, amma kowa ya san wanda ya riƙe makulli. Shugaban ƙungiya, Alhaji Tukur, ya ce motar za ta fi tsaro a ƙofar gidansa. Ba a yi arba'in biyu ba ta fara zuwa ɗaurin aure. Daga nan sai rakiyar ango, sai kai 'yan kallon dambe Madobi. Direban da ya ɗauka ya ce ana yi masa dariya a titi, motoci ƙanana suna wuce shi. Wani ya tuna da ƙarfen da ke rataye a rumfar marigayi. Aka je aka karɓo wajen matarsa da sunan aikin ƙungiya, ita kuwa baiwar Allah me ta sani? Aka ɗaura. Aka cire kilinar iska aka jefar, wai don motar ta riƙa ruri a san ta iso. Na je na sami Alhaji Tukur har zaure.

"Alhaji, wannan motar fa ta marasa lafiya ce. Da dalili Yaya ya ƙi ƙarfen nan."

"Malam Isyaku, ai gudu shi ne taimakon mara lafiya. Kuma wanka, Allah Ya jiƙansa, shi ya gyara ƙarfen da hannunsa. Ko za ka fi shi sani ne?"

Ka ji fa! Da sunan Haladu aka rushe aikin Haladu. Tir da wannan wayo.

Inji ya yi ta shaƙar ƙasar hanya babu mataci, injekta ta toshe, ga kayan gyara sun yi wuya a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Aka kai wa wani mai guduma da ke kiran kansa bakanike. Bai ko tsaya duba ta ba. Ya tumɓuke injektar gaba ɗaya, ya sa zarto ya yanke kan manifol, ya liƙa masa tsohuwar kafireta, ya cike gefen da robar taya. Wai ya yi mata "juyi". Da Yaya zai leƙo ya ga cikin bonet ɗin nan, wallahi ban san wanda zai fara mari ba. Shi da ke wanke hannu kafin ya taɓa nozul ɗin injekta! Na ce to a ba ni dogon manifol ɗin in ajiye, ko Allah zai kawo ranar da za a mai da shi. Aka yi ta yi min hanya-hanya. Daga baya na ji gaskiya a bakin direban: an sayar wa masu zubin tukwane a kasuwar Bunkure, don ƙarfen goran-ruwa ne mai kyau. An narkar da shi. Yanzu haka wata tana can tana tuƙa tuwo a ciki.

Ba mota kaɗai ba ce, shi ya sa abin ke tayar min da zuciya. Dubi ƙofofin kanal, an kwance ƙarafunan an tafi da su. Dubi injinan noma da ke jibge ciyawa ta fito ta cikinsu. Abin da aka ce na kowa ne, mun mai da shi na wanda ya riga kai hannu. Kowa so yake a ji rurinsa a titi, ba mai tambayar yadda za a fito daga taɓo. An ce sauri ya haifi nawa, mu ko nawar ba mu samu ba.

A ƙarshen ranin da ya wuce, Binta, babbar 'yar Haladu, ta tashi haihuwar fari. Da hantsi unguwarzoma ta fito ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a yi asibiti. Aka ci sa'a motar tana gida. Muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da ita, mahaifiyarta ta riƙe mata kai. Tun a bangon kanal motar ke fizga, duk fizga Binta sai ta cije leɓe. A kwalbati ta shiƙe. Direba ya taka iya ƙarfinsa, ruri ya cika daji, tayoyi suka haƙa rami, ta zabura gaba ta dawo da baya da ƙarfi, sannan ta mutu murus. Aka buga, aka tura, ko tari ba ta yi ba. Wani Bafulatani maƙwabcinmu da ke kai taki gona shi ya sauke kayansa, muka ɗora ta a amalanken shanu har bakin titi. A can muka tsaya cikin rana muna ɗaga wa motoci hannu, har wani mai ɗaukar tumatir ya tausaya, ya matsar da kwanduna. Ba mu isa ba sai bayan azahar. Likitoci suka ceto Binta. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba.

Na sani, rai na Allah ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a ƙofar asibiti aka haife shi sai ya tafi. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma kada wani ya zo ya lulluɓe min sakaci da rigar ƙaddara, don na ga ramin da tayoyin nan suka haƙa da idona.

Kwana biyu bayan an sallamo Binta, sai ga 'yan kwamiti sun zo jaje, a cikin motar, an janyo ta an tayar, tana ruri har kaji na watsewa. Bayan addu'a Alhaji Tukur ya gyara murya ya ce sun yanke shawara, don girmamawa, za a yi wa motar sabon fenti a rubuta sunan marigayi a jikinta da manyan baƙaƙe. Ihu bayan hari ke nan, har da neman a yaba. Na shiga ciki na faɗa wa Binta. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Baffa," ta ce, "ka ce musu kada su sa sunan Babana a jikin abin nan. Babana bai taɓa barin mutum a hanya ba."

Haka na fito na faɗa musu, ban rage ko kalma ɗaya ba. Suka sha ruwa suka tashi.

Me ya rage na Haladu ke nan? Rumfarsa mai faci ne a ciki yanzu. Kayan aikinsa sun watse a hannun masu aro. Injin da ya hana kansa ya ba mu, mun kashe shi da hannunmu. Na daɗe ina ganin babu abin da ya saura, sai da na lura da ajina. 'Yan aji biyu nake koyarwa bana, kuma da yawansu a cikin motar nan aka kai iyayensu mata asibiti haihuwarsu, a shekaru biyun da take hannunsa. Suna nan da ƙafafunsu fururu, suna faɗa a kan alli, ba su san ko wane ne shi ba. In na kira suna da safe na ce "Haladu", yara uku ne ke amsawa, sai na haɗa da sunan uba. Iyayensu ba su rubuta komai a jikin mota ba, raɗa wa 'ya'yansu suka yi a kunne.

Mijin Binta ya gaya min tun cikin yana wata bakwai suka gama magana. Da yaron ya rayu, shi ma Haladu za a sa masa.