Wanda ya rubuta wannan bai taɓa gudu ba

Ina tsaka da karanta wa 'yan aji biyar gajeren labari yau a makarantarmu ta Malam Inna, sai Rifkatu ta ɗaga hannu. Yarinyar da ba ta cika magana ba.

Bincike nake yi kan yadda ɗalibai ke ɗaukar abin da suka karanta. A labarin, mahara sun shigo ƙauye, uwa ta kulle ƙofarta ta gudu da 'ya'yanta.

Ta ce, "Malam, wanda ya rubuta wannan bai taɓa gudu ba. Ba a tsayawa kulle ƙofa. Mamana sai da muka kai bakin rafi ta gane ɗan maƙwabta ta goyo, ba ƙanena ba."

Na ce, "Ƙanen naki fa?"

"Har yau ba labarinsa. Wanda ta goyo shi ne Ishaya, yana aji ɗaya a nan."

Wallahi kasa ƙarasa darasin na yi. Jigo da salo na shirya tambayarsu.

'Yan'uwa malamai, da ku ne, me za ku ce mata?